Kunamar Ruwa a Jirgin Kaka

Ranar wata Laraba ce a bazarar shekarar 2002, ana gab da kiran la'asar, na jiyo ƙugin motar Kawu Sani tun daga bakin kasuwar Gummi. Ina tsugune a tsakar gida ina tankaɗen garin dawa, amma ban san lokacin da na yar da rariya na fita a guje ba, ba takalmi ba mayafi, Inna tana ƙwala mini kira ina ƙara wuta. Kawu Sani ƙanen Inna ne, direban babbar motar katako mai kai shanu kudu ta dawo da manja da goro. Yana tsayawa a ƙofar gidanmu ya diro, idanunsa jajir don rashin barci, ya sa yaran motarsa suka sauko da rabin duro an rufe bakinsa da jiƙaƙƙen buhu. "Ke Kulu, ga jarabarki nan na kawo miki in huta," in ji shi. "Biyu na ɗauko, guda ta mutu a Kwantagora. Kada ki kuskura ki sa hannu." Na ɗaga buhun a hankali na leƙa. Can ƙasan ruwan sai ga wata halitta shimfiɗe kamar faifai, launinta ƙasa-ƙasa, idanunta a bisa bayanta, ga doguwar wutsiya siririya kamar tsumagiya. Shekaruna sha ɗaya a lokacin, kuma wallahi ban taɓa ganin mummunan abu da ya yi mini kyau irin wannan ba.

Dalilin wannan jaraba tawa kakana ne, mahaifin babanmu, wanda kowa ke kira Kaka Garba. Basarke ne, sana'ar kamun kifi ya gada. Da ƙuruciyarsa bai tsaya a Gulbin Zamfara ba, ya bi ruwa har Kwara da Binuwai, ya yi shekaru yana jefa ragar birgi a can kafin ya dawo gida. Ni na taso na tarar da shi tsoho tukuf, yanar ido ta rufe masa gani, amma baki da kunne garau. Kullum da yamma ni ke ɗaukar tabarmarsa da butarsa in ja shi zuwa gindin durumin ƙofar gida, inda tsofaffin unguwa ke taruwa. Yana ce mini "matar tsoho", ni kuwa in ce masa Allah ya sawwaƙe mini miji marar haƙori, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. A gindin durumin nan yake ba da labaran ruwa, na dorina da kada da giwan ruwa, kuma duk ana saurarensa, don in masunta suka yi rigima a kan gurbin kamun kifi wurinsa ake zuwa ya raba. Wata rana ya ja ƙafar wandonsa ya nuna wani tabo mai zurfi a idon sawunsa, ya ce kunamar ruwa ce ta harbe shi a Binuwai. Ya ƙara da cewa, "Wagga kifanya ba ta ƙwai. Haihuwa takai kamar akuya, ɗan ya hito da wutsiyarsa da komi. Da idona na gani cikin jirgina."

Baffa Jaɓɓi, wani Bafulatani abokin wasan Kaka mai kawo mana nono daga rugarsu, shi ya fara fashewa da dariya. Ya ce shi dai nagge ya sani da haihuwa, in kuwa kifi na haihuwa, to lallai Garba ne ungozomarsa. Shi da wasa ya faɗa, na sani, amma maganar ta fi ƙarfin gindin durumi. Kafin mako ya zagayo samarin unguwa sun ɗauka, daga nan yara, har a makarantarmu ta firamare aka koma kirana jikar ungozomar kifi. Na yi dambe a kan sunan nan har ɗankwalina ya yage. Manya kuma suka fara cewa a kaikaice wai tsufa ya fara taɓa Kaka. Duk wannan bai karya shi ba, don in an yi dariya sai ya sake maimaita zancensa da ƙarfi. Abin da ya karya shi a cikin gida ya faru. Babanmu manomi ne, mutumin kirki, amma mai tsananin gudun abin magana. Na kawo wa Kaka tuwo wata rana na tarar da babanmu durƙushe a gabansa, murya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Baba, ka bar wagga magana hakanan. Dariya mutane sukai muna." Washegari na ɗauki tabarma kamar kullum, sai Kaka ya ce, "Aje ta, Kulu. Na gaji da waje." Tun daga ranar ya daina fita sai masallaci, ya daina tsokanata, yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi. Abin ya ci mini rai ƙwarai, na rantse a zuciyata sai na mayar da tsohon nan gindin duruminsa.

Shi ya sa na manne wa Kawu Sani kamar kaska. In ya sauka ni ke wanke masa kaya, ni ke kai masa fura, ni ke share masa gaban mota, kuma duk da magana ɗaya nake rufewa, wato in ya biyo ta bakin Kwara ya tambayi masunta kunamar ruwa, ya kawo mini mai rai. Ya kore ni, ya yi mini alkawarin ƙarya, ya kai ƙarata wurin Inna, duk a banza. Da ya ga ba zan bari ba ya tambaya, masuntan can suka ce suna kamawa jefi-jefi, sai dai nan take suke datse wutsiyar. Ya roƙe su suka bar masa biyu da wutsiyarsu, ya riƙa tsayawa a kowace gada yana sauya musu ruwa, yana zagina a hanya, kamar yadda ya gaya mini da bakinsa.

Da aka shigo da duron tsakar gida, na je na kamo hannun Kaka na kawo shi. Ya tsuguna ya kasa kunne, ya ce a ba shi muciya. Ya lallaɓa da ita har ya danne wutsiyar, sannan ya zura ɗaya hannun ya shafa bayan kifanyar, Inna tana salati tana ja da baya. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan wani tudu kusa da gindin wutsiya. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba, can ya ce, "Tana da ciki." Babanmu yana tsaye a bakin zaure, ya ce shi ba ruwansa, amma ranar da ta harbi wani a gidan nan shi zai kashe ta da hannunsa, kuma kada a taɓa masa ruwan randa. Inna ta dube ni ta ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Na ce na ji na yarda.

Duro ya yi mata kaɗan, ga shi ƙarfe ne, rana na dukansa ruwan ya yi zafi. Kaka ya ce a jawo tsohon jirginsa da ke jingine a bayan rumbu, wanda kaji suka mayar wurin kwanci. Jirgin icce ne sassaƙaƙƙe, ya bushe ya tsattsage. Kawu da yaransa suka ja shi zuwa inuwar dogonyaro, ni da Kaka muka zauna aikin toshiya. Yana bin tsagar da yatsa yana nuna mini, ina cusa tsumma da bakin wuƙa ina liƙewa da narkakken ƙaro. Muka yi ta zuba ruwa yana zurarewa, muna sake zubawa, har iccen ya sha ya kumbura ya riƙe. Kaka ya sa na shimfiɗa yashin gulbi a ciki, don ita ba ta zama a kan tsurar ƙasa, binne kanta take ta bar idanu waje. Muka rufe rabin jirgin da zana saboda rana da awaki. Ranar da aka juye ta ciki ta zagaya daga kai har gindi, gefunanta suna kaɗawa, ta girgiza ta nutse cikin yashi.

Daga nan wahala ta ce salamu alaikum. Kaka ya ce ruwan rijiyarmu yana da kanwa-kanwa, ba zai yi ba, sai na gulbi, kuma kullum sai an kwashe wani an zuba sabo, don kifanyar ba ta jure ƙazanta. Bazara ce, gulbi ya janye ya bar yashi fari fat sai gurabu nan da can, inda shanu ke sha suna dama ruwan. Sai dai mu tona rami a cikin yashin kamar yadda mata ke yi, mu jira ruwa mai sanyi ya tsattsafo, mu riƙa kwalfa da ƙoƙo muna cika tulu. Da an sallame asuba nake ɗaukar gammo in bi ayarin 'yan matan unguwa, su yi sawu ɗaya su huta, ni in koma, in sake komawa. In na taso daga makaranta in ƙara, bayan na gama surfe na ɗaure awaki. Na sha bulalar latti har monita ya daina tambayata dalili. Ƙawayena suna gaɗa a dandali ina jin tafinsu ina wucewa da tulu, carafke kuwa na manta yadda ake cafe ta. Gashin tsakiyar kaina ya cinye saboda gammo, Inna tana yi mini kitso tana tsaki.

Abinci ma wani yaƙin ne. Na zuba mata dusa, na gutsura mata tuwo, na ba ta ƙuli, ko kallo ba su ishe ta ba, sai ɓata ruwa. Kaka ya ce mai rai take ci. Ina za a ga tana a tsakiyar bazara? Na bi duk inda ƙasa ke da laima, ƙarƙashin randunan gidajen maƙwabta, makwararar wanke-wanke, bakin lambunan albasa na fadama, ina tono da tsinken ƙarfe ina tarawa a gwangwani. Ranar da ta fara ci ba zan manta ba. Na saki tana ta nutse, sai na ga yashi ya motsa, ta taso ta rufe ta da jikinta gaba ɗaya kamar kaza ta rufe ƙwai, ta ɗan yi rawa a kai, da ta matsa babu tana. Na buga ihu har Inna ta zaci harbina aka yi. Kaka ya yi murmushi, karo na farko tun da ya bar waje.

Makonni suka yi ta wucewa, ba haihuwa ba dalilinta. Labari ya cika unguwa, tsokana ta sake sabon salo. A makaranta sai a tare ni a ce, "Kulu, yaushe ne suna? A tanadi rago?" Baffa Jaɓɓi in ya kawo nono sai ya leƙa jirgin daga nesa ya ce, "Ina mai jego, ko har yanzu naƙuda ba ta zaka ba?" Mutane sun yarda akwai kifi mai kama da faifai tunda ga shi, amma haihuwa fa, sai dai a yi dariya. Babanmu kuwa ko sau ɗaya bai leƙa jirgin ba, in zai wuce sai ya kewaya ta bayan rumbu. Har Kaka kansa ya fara sanyi. Wata yamma ya shafa kaina ya ji inda gashi ya cinye, ya ce, "Kulu, in ta gagara a bar ta. Ba a kashe mai rai don maganar tsoho." Na ce masa ko wuyana zai karye sai ta haihu a gidan nan, in ya gaji shi ya sani. Ya ce, "Kai, wagga ɗiya da taurin kai take." Na ce a wurinsa na gada.

Abin da ya kawo ƙarshen zancen tausayin Inna ne. Wata Asabar na tafi gulbi sawu na biyu, ta leƙa jirgin ta ga ruwan ya yi duhu-duhu. A tunaninta duhun ne ke sa ni jigila, in ruwan ya yi garau zan huta. Sai ta yi abin da kowace mace a garinmu ke yi wa ruwan gulbi kafin a sha, ta ɗauko alif, wannan farin dutsen mai kwantar da laka, ta daka mai yawa ta kaɗa a ciki. Na dawo na tarar da ruwa fes, kana ganin kowace ƙwayar yashi, Inna tana tsaye tana jiran in yi mata godiya. Amma kifanyar ta fito daga yashi tana bin bangon jirgi tana hawa tana zamewa, ramukan bayan idanunta suna buɗewa da rufewa da sauri, gefunanta sun fara naɗewa sama. Na gaya wa Kaka abin da nake gani, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar. "Alif! Ku kwashe ruwan ga, maza!" Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, garin neman gira na rasa ido."

Ban yi kuka ba, don babu lokacinsa. Na juye tulun da ke kaina, na kama kwarfar tsohon ruwan da ƙwarya. Inna da kanta ta zari mayafi ta shiga maƙwabta tana roƙon duk mai ruwan gulbi a randa ya ba ta, ƙawayena da ke tsokanata suka ɗauki tuluna suka nufi gulbi a guje. Muna kwashewa muna zubawa, tsakar gida ta zama taɓo, kaji suna ta tsalle. Kaka yana tsugune a kan jirgin yana kaɗa ruwan da muciya don ya sha iska, bakinsa yana motsi. Rana ta take tsaka kafin kifanyar ta daina hawan bango ta kwanta a kan yashi. Kowa ya watse ya bar ni da Kaka. Ina zaune ina kallonta sai na ga bayanta yana ɗagawa yana sauka. Wani abu fari-fari, naɗaɗɗe kamar ganyen da bai buɗe ba, ya zamo daga ƙarƙashin wutsiyarta. Ya faɗa kan yashi, ya warware, ya zama ɗan ƙaramin faifai bai wuce tafin hannuna ba, da idanunsa da 'yar wutsiyarsa, ya kaɗa gefe ya yi gaba. Kafin in rufe baki na biyu ya biyo.

Na ce, "Kaka, ta haihu! Biyu!" Ya ce in kama hannunsa in kai shi. Na tura ɗaya a hankali da bayan ludayi har ya hau tafin hannunsa a cikin ruwan, ya tsaya a kai yana ɗan motsi. Hawaye suka riƙa bin gemun tsohon nan. Ni kuwa tuni na miƙe, na ce bari in kira Baffa Jaɓɓi, in kira 'yan gindin durumi, in kira duk ɗan da ya taɓa ce mini jikar ungozoma, yau sai sun lashe amansu. Ya riƙe mini zane ya ce, "Bar su. Kiro min ubanki."

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya biyo ni ba don yana so ba, ya tsaya a kan jirgin, ya duba, sannan ya tsuguna ya sake dubawa. Ya daɗe a tsugune, ga uwar, ga 'ya'yan suna yawo a gefenta, ga hannun mahaifinsa har yanzu a cikin ruwa. Kaka bai ce masa ka gani ba. Babanmu ya cire hularsa ya share fuska da ita, ya ce, "Baba, ka yahe min." Ya tashi ya shiga ɗakin Kaka ya fito da tabarmar da butar, aikin da ni kaɗai ke yi, ya kama hannun tsohon ya ja shi waje da kansa, ko la'asar ba a yi ba.

Uwar ba ta kai washegari ba, alif ɗin ya riga ya yi mata illa, Inna ta yini ba ta ci abinci ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ma bai daɗe ba. Ɗayan ya rayu, na ci gaba da jigila da tonon tana, sai dai yanzu in babanmu zai dawo daga fadama yakan rataya jarka a keke ya taho mini da ruwa. Baffa Jaɓɓi ya kawo ƙwaryar nono da man shanu wai na barka. Da damina ta sauka ɗan ya kai marfin kwano, Kaka ya ce baƙo ne, a mayar da shi garinsu, Kawu Sani ya sake ɗaukar rabin duro yana mita ya sake shi a Kwara. Kaka ya ƙara shekaru kaɗan a gindin durumi yana raba rigimar masunta kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina zaune a Gusau da nawa 'ya'yan. Gulbin da muke zuwa da asuba mu kaɗai muna waƙa, yau ba uwar da za ta saki 'yarta ta nufe shi ba tare da gabanta na faɗuwa ba, kuma gindin durumi ya zama wurin tambayar wa aka ɗauke, wa ya dawo. Kwanan baya na ba ɗana wannan labari, ban kai rabi ba ya latsa waya ya miƙo mini, ga irin kifanyar nan tana haihuwa a cikin akwatin gilashi mai fitila. Na kalla, na mayar masa da wayarsa, na ce haka ne. Shi nan take ya gaskata, bai ɗauki tulu ba, bai tona rami ba, wuyansa bai yi ciwo ba. Ina taya shi murna da sauƙin da ya samu, amma ina tausaya masa. Bai taɓa yarda da maganar wani tun kafin ya gani ba.